Baki da Kunne Sun Samu, Alƙalami Ya Rasa: Tarken Tsarin Manhajar WhatsApp ta Fuskar Mai Amfani da Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shiga tasha ko kasuwa a Yamai, ko Maraɗi, ko Kano, ko zangon Kumasi, zai ga mutane sun kai waya kusa da baki suna magana, alhali ba kira suke yi ba. Saƙon murya suke ɗauka, wanda za su aika ta manhajar WhatsApp. Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare, har ba a cika tsayawa a tambayi dalilin da ya sa Bahaushe ya fi son ya faɗi saƙonsa da baki a kan ya rubuta shi ba. Amsar da aka saba bayarwa ita ce ƙarancin ilimin karatu da rubutu. Wannan amsa tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta gamsar ba, domin malamai da ɗaliban jami'a ma haka suke yi.

Wannan takarda za ta yi tarken manhajar kamar yadda ake tarken waƙa ko ƙagaggen labari, wato za ta dubi zubinta da tsarinta, ta auna su da ma'auni sananne, sannan ta yanke hukunci. Abin da take son tabbatarwa shi ne, tsarin WhatsApp ya yi wa bakin Bahaushe da kunnensa adalci, amma ya bar rubutacciyar Hausa a baya, kuma ya shigo da waɗansu alamomi da suka ci karo da ladubban magana na Hausawa. Lamarin ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye, domin Hausar da ake rubutawa da wadda ake ɗauka a waya kowace rana tana da yawan gaske, kuma a cikin wannan manhaja da ire-irenta take zaune.

2.0 Ma'aunin Tarke

Fannin da ake magana a kansa shi ne na tsara kayan aiki bisa la'akari da wanda zai yi amfani da su. Masanin da ya fi shahara a nan shi ne Donald Norman na Amurka, wanda a 1988 ya wallafa littafi kan tsarin kayan yau da kullum. Misalinsa da aka fi sani shi ne na ƙofa. Idan ƙofa tana da mariƙi irin na ja, amma turawa ake yi, duk wanda ya zo sai ya ja ta tukuna. Norman ya ce laifin ba na mai ja ba ne, na wanda ya tsara ƙofar ne. Daga nan ya fitar da ƙa'idoji, waɗanda uku daga cikinsu za su yi amfani a nan. Ta farko, kayan aiki ya nuna da kansa abin da ake yi da shi. Ta biyu, ya sanar da mai amfani sakamakon abin da ya taɓa nan take. Ta uku, ya dace da hoton da mutum yake da shi a zuciya game da yadda aikin yake tafiya.

A 1994 Jakob Nielsen, ɗan asalin Denmark, ya jera ƙa'idoji goma na auna sauƙin manhaja. Ɗaya daga cikinsu tana cewa manhaja ta yi magana da harshen mai amfani, ta bi al'adun da ya saba da su a duniyarsa. Galibi ana ɗaukar wannan ƙa'ida a matsayin umarnin a fassara kalmomin da ke kan maɓallai, kamar yadda Facebook ya yi a 2016 lokacin da ya ƙara Hausa cikin harsunansa. Fassara aiki ne mai kyau, sai dai harshe ya wuce jerin kalmomi. Ya ƙunshi haruffan da ake rubuta shi da su, da yadda ake gaisawa, da wanda ya kamata ya fara magana, da abin da ake ɓoyewa saboda kunya. Da wannan faffaɗar ma'ana za a auna manhajar.

Akwai kuma binciken da ya fi kusa da halin da Hausawa da yawa suke ciki. A 2006 Indrani Medhi da abokan aikinta a cibiyar bincike ta Microsoft da ke Bangalore ta ƙasar Indiya sun gwada manhajoji marasa rubutu tare da mata masu aikatau waɗanda ba su iya karatu ba. Sun gano cewa murya da zane suna taimaka musu ƙwarai, kuma da yawansu suna gane lambobi ko da ba su gane haruffa ba. Wannan sakamako shi ne mabuɗin fahimtar nasarar WhatsApp.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Manhajar

Jan Koum da Brian Acton ne suka kafa WhatsApp a Amurka a 2009. An ƙara saƙon murya a 2013. A 2014 kamfanin Facebook, wanda ya koma Meta a 2021, ya saye ta a kan kimanin dala biliyan 19 ta Amurka, kuma a watan Nuwamba na shekarar aka fito da shuɗayen alamomin da ke nuna an karanta saƙo. A 2020 kamfanin ya sanar da cewa masu amfani da ita sun kai biliyan 2, a 2022 kuma ya ce ana aika saƙon murya biliyan 7 a kowace rana. Waɗannan alƙaluma na duniya baki ɗaya ne. Abin lura a nan shi ne ba don Hausawa aka tsara manhajar ba. Sun same ta ne yadda take, suka sarrafa ta daidai da buƙatunsu.

4.0 Inda Tsarin Ya Dace

4.1 Lamba a Maimakon Suna

Kafin WhatsApp, yawancin kafofin sadarwa na intanet suna buƙatar mutum ya ƙirƙiri suna, ya mallaki adireshin imel, ya kuma haddace kalmar sirri. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan uku rubutu ne, kuma a lokacin galibi da Turanci ko Faransanci. WhatsApp ta kawar da su duka tun daga farko. Mutum ya sa lambar wayarsa, a aiko masa da lambobi shida, ya shigar, shi ke nan. Ba sai ya nemi abokai ba, domin duk wanda lambarsa ke cikin wayar kuma yake amfani da manhajar zai bayyana da kansa, sau da yawa tare da hotonsa. Idan aka tuna abin da Medhi ta gano game da lambobi da hotuna, za a ga cewa wannan ƙofa ce da mai sayar da goro ko tsohuwa a ƙauye za su iya shiga da ɗan taimako kaɗan na rana ɗaya.

4.2 Maɓallin Murya

A ƙasan fuskar hira, ta gefen da babban yatsa yake kaiwa, akwai hoton makirfo. A danna a riƙe, a yi magana, a saki, saƙo ya tafi. Ƙa'idojin Norman guda uku duk sun cika a nan: hoton ya nuna aikinsa, ƙidayar daƙiƙoƙi tana nuna ana ɗauka, kuma aikin ya yi kama da abin da kowa ya sani, wato ba da sallahu. Al'adar aika murya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kafin wayar salula, matafiya da mazauna Makka ko Abijan kan ɗauki magana a kaset su ba mai zuwa gida, a taru a tsakar gida a saurara. Saƙon murya kaset ne da ba ya jiran mota.

Ta fuskar ilimin harshe kuma, muryar tana ɗauke da abin da rubutun boko ya zubar. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, amma daidaitaccen rubutu ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. Kalmar da aka rubuta "gari" tana iya zama birni ko niƙaƙƙen hatsi, "fari" kuma tana iya zama launi ko ƙamfar ruwan sama ko ƙwarin da ke cinye amfanin gona. A baki babu wannan ruɗani. Haka kuma karin harshe yana fita sarai: Ba'adare da Badamagare da Bakano kowa ya yi magana da Hausarsa ba tare da fargabar ƙa'idar rubutu ba. A ƙarshen 2021 an ƙara damar a saurari abin da aka ɗauka kafin a aika, gyaran da ya dace da mutanen da ke cewa magana zarar bunu ce.

5.0 Inda Tsarin Ya Gaza

5.1 Haruffa Masu Ƙugiya

Rubutun Hausa na boko yana da haruffa masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ, sai kuma ƴ wanda ƙa'idar rubutu ta Nijar ta 1999 ta tabbatar, wanda a Nijeriya ake rubutawa 'y. Waɗannan haruffa suna bambanta ma'ana. "Ƙura" daban take da "kura", "ƙafa" daban da "kafa", "ɓari" daban da "bari", "ɗaure" daban da "daure". Duk da haka, saƙonnin Hausa da ake rubutawa a waya ba kasafai ake ganin ƙugiya a cikinsu ba, har a hannun waɗanda suka san ƙa'ida.

Asalin matsalar ya girmi WhatsApp. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijar da Nijeriya daga wajen 2001, kuma gajeren saƙo na wancan lokaci yana ɗaukar haruffa 160 ne idan an tsaya kan jerin haruffan da tsarin GSM ya tanada. A cikin jerin akwai é da ñ da ü na harsunan Turai, har da waɗansu haruffan Girkanci, amma babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya. Da zarar an sa harafin da ba ya cikin jerin, sai saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar haruffa 70 kacal. Ke nan ko da wayar tana da ƙ, wanda ya rubuta Hausa daidai zai iya biyan kuɗin saƙo biyu ko uku a inda wanda ya karya ƙa'ida ya biya na ɗaya. A irin wannan hali aka koyi rubuta "slm" da "ykk" da "lfy" da "ngd", aka kuma ari q don ta tsaya a madadin ƙ, kamar a "qasa". Hatta "xan" a maimakon "zan" mai yiwuwa tana da alaƙa da tsohuwar waya mai madannai goma sha biyu, inda x take fitowa da danni biyu, z kuwa sai da huɗu. Wannan hasashe ne da ya cancanci ɗalibi ya bincika.

A WhatsApp babu waccan iyaka ta 160, kuma haruffan ƙugiya suna fita lafiya idan an rubuta su. Amma allon madannai da waya take zuwa da shi na Faransanci ne ko na Turanci. Mai son na Hausa sai ya san akwai shi, ya shiga saituna, ya nemo, ya ƙara. Babu abin da ke nuna masa hanyar a inda yake rubutu. Bugu da ƙari, mai gyaran kalma na waya yakan mayar da kalmomin Hausa na Faransanci ko na Turanci, har mutum ya gaji ya kashe shi. Sakamakon haka shi ne kalma ɗaya tana da fuska uku ko huɗu. A Nijar ana ganin "tchikin" da "chi" da "kouma" bisa rubutun Faransanci, a Nijeriya "cikin" da "shi" da "kuma". Ita kuwa "ƙasa" tana fitowa a matsayin "kasa" da "qasa" da "k'asa".

5.2 Abin da Ba Ya Nemuwa

Wannan rarrabuwa tana da illa a aikace. Manhajoji da yawa idan aka nemi kalma da e sukan kawo har mai é, domin a ma'aunin haruffa na duniya, wato Unicode, ana iya warware é zuwa e da alamar da ke kanta. Harafin ƙ ba ya warwaruwa haka, harafi ne mai zaman kansa. Saboda haka sai masu tsara manhaja sun yi tanadi na musamman kafin neman "kasa" ya kawo "ƙasa". Wanda ya bi ƙa'ida yana iya zama shi ne saƙonsa ya fi wuyar samuwa.

Murya kuwa ta fi haka ɓacewa. Ɗan kasuwar da abokin cinikinsa ya faɗa masa farashin buhun wake a cikin saƙon minti huɗu makonni uku da suka wuce ba shi da hanyar nemo wurin, sai ya bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya yana saurare. A ƙarshen 2024 WhatsApp ta fito da hanyar mayar da saƙon murya rubutu, amma harsunan da aka fara da su ƴan kaɗan ne, irin su Turanci da Sifaniyanci da Fotugis da Rashanci, kuma babu Hausa a cikinsu. Wato an fara kai maganin inda ciwon bai yi tsanani ba.

Akwai wata hasara da ta fi wannan zurfi. Tsakanin 2009 da 2010 Jenny Aker da abokan aikinta sun gudanar da gwaji a ƙauyuka fiye da ɗari na jihohin Doso da Damagaram, inda ake koya wa manya karatu da Hausa da Zabarmanci. A waɗansu ƙauyukan an haɗa da koyon amfani da wayar salula, kuma ɗaliban waɗannan ƙauyuka sun fi sauran samun maki a rubutu da lissafi. Ɗaya daga cikin dalilan da ake kawowa shi ne gajeren saƙo ya fi kira araha, don haka wanda ya koyi haruffa yana da abin yi da su kullum. Saƙon murya ya raunana wannan dalili. Ya sauƙaƙa wa wanda bai iya rubutu ba, wanda alheri ne, amma tun da rubuta Hausa daidai ya ci gaba da wahala, sai ma'aunin ya karkata gefe ɗaya.

5.3 Alamomi da Ladabin Magana

A gefen kowane saƙo akwai alama irin makin da malami ke sa wa amsar da ta yi daidai. Ɗaya tana nufin saƙo ya tafi, biyu ya isa, idan sun zama shuɗaye an buɗe. Ta fuskar ƙa'idar Norman ta sanar da sakamako, wannan tsari ne mai kyau ga mai aikawa. Ga mai karɓa kuwa tonon asiri ne. A al'adar Hausawa jinkirin amsa yana da aiki. Wanda aka roƙa abin da ba zai iya ba, ko aka tambaye shi abin da sai ya yi shawara, yakan ɗan yi shiru, kuma kowa yana yi masa kara da cewa wataƙila saƙon bai iske shi ba. Shuɗiyar alama ta rufe wannan mafita. Ƙarami ya ga babba ya karanta bai amsa ba, babba ya ga ƙarami ya saurara ya yi shiru, sai zargi ya shiga inda dā kawaici yake. Gaskiya ne ana iya kashe alamar a saituna, kuma an ƙara wannan dama jim kaɗan bayan ƙorafin da ya biyo bayan fitowarta a 2014, amma kashewar ba ta shafi hirar rukuni ba.

Gaisuwa ma ta sauya siffa. Gaisuwar Hausa ba-ni-in-ba-ka ce: ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, yaya iyali, lafiya ƙalau. Saƙon murya kuwa mutum ɗaya ne ke magana. Don haka mai aikawa yakan jero tambayoyin gaba ɗaya, ya amsa wa kansa da "to madalla", sannan ya shiga abin da ya kawo shi. Wannan sabon salo ne da ya cancanci nazari. Sai dai a 2021 an ƙara maɓallin hanzarta murya ninki ɗaya da rabi ko ninki biyu. Wanda ya tsara maɓallin yana kallon saƙo a matsayin bayani da ake son a kai ga ƙarshensa da wuri. Wanda ya ɗauki minti guda yana gaida tsohuwarsa yana kallon mintin nan a matsayin saƙon kansa. Haka nan alamar babban yatsa da aka ƙara a 2022 don amsa saƙo ba tare da magana ba, tsakanin tsara ba ta da laifi, amma yaro ya amsa wa mahaifinsa ko surukinsa da ita abu ne da mutane da yawa za su ɗauka raini.

5.4 Waya Ɗaya, Mutum Ɗaya

Manhajar ta ginu ne a kan zaton kowace lamba ta mutum ɗaya ce. A gidaje da yawa ba haka abin yake ba. Mata na amfani da wayar miji, uwa da ta ɗanta, maƙwabta da ta mai shago. Wanda bai iya karatu ba kuma yakan miƙa wayar a nemo masa saƙo. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tsakanin waya da waya ta yadda na tsakiya ba zai gani ba, amma sirrin da ya fi damun mai aron waya shi ne na wanda ke zaune kusa da shi. Saƙon murya kuma da ƙarfi yake fita. Akwai dabarar da ke rage wannan: idan aka kara wayar a kunne, muryar takan koma ƙaramar lasifikar kira. Amma babu wata alama a fuskar manhajar da ke nuna haka, sai wanda ya ci karo da dabarar ko aka gaya masa. Wannan ita ce ƙofar Norman da ba ta nuna ta inda ake buɗe ta. An ƙara kulle hira da saƙon murya mai gogewa bayan saurare ɗaya a 2023, amma su ma sai wanda ya san da su yake amfana.

5.5 Saƙon da Aka Turo

A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, jita-jitar cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum ta bazu a Nijeriya ta wayoyin hannu cikin ɗan lokaci, har aka sami rahoton mutuwa da kwanciya asibiti. A Indiya kuma jita-jitar satar yara da aka yaɗa ta WhatsApp ta jawo kashe-kashe a 2017 da 2018. Kamfanin ya mayar da martani ta hanyar tsari: a 2018 ya sa alamar da ke nuna saƙo turo shi aka yi, a 2019 ya taƙaita turawa zuwa hira biyar a lokaci guda a duk duniya, a 2020 kuma saƙon da ya yi yawo da yawa aka mayar da shi hira ɗaya.

Taƙaitawar tana aiki ga kowa, amma alamar ƴar ƙaramar kibiya ce da ƴar kalma mai launin toka a saman saƙo. An yi ta ne don mai karatu da ido. Mai saurare da kunne abin da yake ji shi ne murya mai sallama, mai ambaton sunan gari da na malami, mai rantsuwa, cikin Hausa irin tasa. A al'adance ana auna labari da wanda ya kawo shi, kuma a nan wanda ya kawo shi ɗan'uwa ne ko aboki, ko da kuwa shi ma bai san mai muryar ba. Gargaɗin da ba ya shiga ta kunne bai kai ga wanda ya fi buƙatarsa ba.

6.0 Hanzarin da Za a Iya Kawowa

Adalcin tarke shi ne a ji ta bakin wanda ake tarka. Mai kare manhajar zai ce allon madannai na masu ƙera waya ne da masu tsarin da ke tafiyar da ita, ba na WhatsApp ba. Wannan gaskiya ne, amma mai amfani ba ya raba su. Abin da ya sani shi ne ya zo rubuta "ƙwarai" bai ga ƙ ba, kuma a ma'aunin wannan fanni abin da mai amfani ya tarar shi ne abin dubawa.

Zai kuma ce sauƙin manhajar ya samu ne saboda iri ɗaya ce a ko'ina, kuma ba za a yi wa kowane harshe tasa ba. Wannan ma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai gyare-gyaren da ake buƙata ba su kai sake gini ba: nema da ke haɗa ƙ da k da q, gargaɗin turawa da ake ji da kunne, alamar da ke nuna a kara waya a kunne. Harsunan Afirka ta Yamma da yawa, irin su Fulatanci mai ɓ da ɗ da ƴ, za su amfana da irin wannan.

Hanzari na uku shi ne mutane suna fahimtar juna ko babu ƙugiya, domin muhallin magana yana warware ruɗani. Haka ne a hirar yau da kullum. Amma harshe ba don hira kaɗai ake rubuta shi ba. Yaron da ya tashi yana ganin "kasa" sau ɗari a rana a waya, yana ganin "ƙasa" sau ɗaya a aji, wayar ce za ta zama malamarsa. Kuma na'urorin fassara da na gyaran kalma daga rubutun da mutane suka yi suke koyo, don haka kuskuren yau yana iya zama ƙa'idar na'urar gobe.

7.0 Gurbin Ɗalibin Harshe

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nazarin masu amfani ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Nielsen ya nuna a 2000 cewa gwaji da mutum biyar yakan tono mafi yawan matsalolin manhaja, amma ya ƙara da cewa idan masu amfani rukuni-rukuni ne mabambanta, sai a gwada da kowane rukuni. A nan rukunan a fili suke: wanda ya yi boko da Faransanci, wanda ya yi da Turanci, wanda ajami ya sani, da wanda bai yi karatu ba. Ana ba mutum ƙaramin aiki bayan an nemi izininsa, misali ya rubuta "ɗan ƙauye ya ɓata", ko ya nemo saƙon da aka aiko masa makon jiya, sai a zauna a lura da inda yatsansa ya tsaya.

A nan ne sanin al'ada yake da muhimmanci. Hanyar da aka saba koyarwa ita ce a ce wa mutum ya riƙa faɗin abin da ke ransa yayin da yake aiki, a kuma tambaye shi ra'ayinsa a ƙarshe. Bahaushe da baƙo ya kawo masa abu ya tambaye shi yadda ya gani, mafi yawan lokaci zai ce ya yi kyau, saboda kara. Idan ya kasa kuma zai ɗora wa kansa laifi, ya ce shi ne bai iya ba. Don haka abin da hannu ya yi ya fi abin da baki ya faɗa zama hujja. Haka kuma mace ce za ta fi samun gaskiyar yadda matan aure ke amfani da waya, kuma yaro ba zai saki jiki a gaban babba ba. Injiniya da ke nesa ba zai san waɗannan ba, ɗalibin da ya karanci ƙa'idar rubutu da karin harshe da ladubban magana kuwa ya riga ya mallaki rabin kayan aikin.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta auna tsarin WhatsApp da ƙa'idojin Norman da Nielsen, ta kuma nuna cewa karɓuwarta a wurin Hausawa ta samo asali ne daga abubuwa biyu: shiga da lambar waya, da maɓallin murya. Dukansu sun kawar da rubutu daga hanya. A ɗaya ɓangaren an ga cewa haruffa masu ƙugiya suna da wuyar samu, saƙon Hausa yana da wuyar nemowa, shuɗiyar alama da maɓallin hanzari sun ci karo da kawaici da gaisuwa, gargaɗin turawa kuma bai kai ga mai saurare ba. Hukuncin da ya fito shi ne manhajar ta ci nasara a matsayin kayan magana, ta kuma gaza a matsayin kayan rubutun Hausa. Wani ɓangare na gyaran yana hannun kamfanoni. Wani kuma yana hannun ɗalibai da malamansu, kuma yana farawa da abu mai sauƙi: sa allon madannai na Hausa a waya, da rubuta ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a inda suka dace, ko da a saƙon gaisuwa ne.